Kakan da ya ɓace a takardun Ingila: ta ina ake kamo shi?

"Assalamu alaikum. Ni 'yar Bukur ce, karatu ne ya kawo ni Ingila. Kakan mahaifiyata Bature ne, ya yi aikin haƙar kuza a wajen Barikin Ladi cikin shekarun 1920, ya koma ƙasarsu ya bar kakata tana goye. Abin da muka gada daga gare shi sunansa ne yadda tsofaffi ke faɗarsa, sai hoto guda mai hatimin wani mai ɗaukar hoto na garin Redruth a bayansa. Na biya kuɗin wata guda a wani kamfanin binciken asali, na sami mai irin sunan a ƙidayar 1911 yana da shekara 27, an rubuta haifaffen Redruth. Na sake samunsa a ta 1901 yana da shekara 16, amma an rubuta Illogan. Daga nan ya ɓace. Babu shi a ƙidayar 1891, babu takardar haihuwarsa, na duba rajistar cocin Redruth ban ga baftismarsa ba. Shin mutumin da ba shi ba na ɗauko, ko takardun ne suka salwanta?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Tambayarki biyu ce a dunƙule. Ta farko, wannan mutumin na ƙidayar 1911 shi ne Baturen Barikin Ladi? Ta biyu, in shi ne, ina ya shige kafin 1901? Maganar salwantar takardu kuwa ki ajiye ta can ƙarshen layi. Takardu sukan ɓace, amma abu ne mai wuya a ce na haihuwa da na ƙidaya da na coci duk sun haɗa baki sun ɓace a kan yaro guda. Na shafe shekaru ina wannan aiki ga mutane, kuma idan na ga yaro ya ɓace a wurare uku lokaci ɗaya, abin da zuciyata ke fara ba ni shi ne yana nan cikin ukun, da wani sunan mahaifi daban yake zaune. Zan zo kan haka. Sai dai kafin nan akwai abin da ya fi shi gaggawa.

Ki fara ɗaure bakin zaren

Kuskuren da ya fi cinye wa masu neman asali kuɗi da lokaci shi ne tsallake. Mutum ya ga suna ya yi daidai, gari ya yi kusa, sai ya rungume, ya yi wata shida yana tono kakannin wani. Hatimin Redruth a bayan hoto yana nuna inda aka ɗauki hoton ne kawai. Alama ce mai kyau, domin Redruth da Camborne su ne cibiyar haƙar kuza da tagulla a lardin Cornwall, kuma daga can kamfanonin Jos suka riƙa ɗibar ƙwararru. Amma wannan ɗin ne kuma matsalar: mahaƙa dubbai ne a yankin, sunayen gidajensu kuma 'yan kaɗan ne ke ta maimaituwa, su Williams da Richards da Thomas da Harris. A unguwa guda sai ki tarar da samari uku masu suna ɗaya, sana'a ɗaya, tsiran haihuwarsu bai kai shekara biyu ba.

Ga kuma abin da bakin Bahaushe ke yi wa sunan Bature. Richards yakan koma Rishad, Harris ya koma Harisu, wani lokaci ma sunan yanka ne aka riƙe aka ɗauka na mahaifi ne. Wasu kuwa laƙabi ne ya binne sunansu gaba ɗaya, kamar yadda mutanen Kano da yawa suka san Ɗan Hausa amma ba su san Hanns Vischer ba. Don haka ki koma wa tsofaffin gida tun suna da rai, ki ɗauki muryarsu a waya suna faɗar sunan, kowa daban, kada ki fara faɗa musu yadda kike zaton ake rubuta shi. Ki tambayi laƙabinsa, da kamfanin da ya yi wa aiki, da ko yana da wata alama a jiki, da shekarar da ya tafi ko abin da ya faru a shekarar.

Gadar da za ta haɗa Jos da Cornwall ita ce takardun fasinjojin jiragen ruwa. Ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kew a Landan tana da jerin masu fita daga Birtaniya daga 1890 zuwa 1960, da na masu shigowa daga 1878 zuwa 1960, kuma manyan kamfanonin binciken asali sun ɗora hotunansu. Turawan Najeriya galibi daga Liverpool suke tashi a jiragen kamfanin Elder Dempster su sauka Legas, kuma da yake sukan je hutu gida a kai a kai, mutum ɗaya sai ki gan shi sau huɗu ko biyar. Jerin shekarun 1920 sukan kawo shekaru da sana'a da adireshin mutum a Ingila. Wannan adireshin shi ne zinariyar. Idan ya yi daidai da gidan da uwarsa ko matarsa ko 'yar'uwarsa ke zaune a ƙidayar 1921, wadda aka yi daren 19 ga Yuni aka kuma buɗe wa jama'a a Janairun 2022, to kin ɗaure zare. Ta 1921 ma tana da wani alheri, tana faɗin sunan wanda mutum ke yi wa aiki da wurin aikin. Bayanta akwai babban giɓi, domin ta 1931 ta ƙone ƙurmus a gobarar da ta tashi a ma'ajiyarta da ke Hayes, kusa da Landan, a Disambar 1942, ta 1941 kuma yaƙi ya hana a yi. Abin da ya cike giɓin shi ne rajistar 29 ga Satumba 1939 da aka yi don katin shaida da rabon abinci. Ita wannan tana ba da cikakkiyar ranar haihuwa, rana da wata da shekara. In kakanki ya kai 1939 yana Ingila, ki nemo wannan ranar ki riƙe ta da kyau, za ta yi miki aiki nan gaba.

Kada ki ɓata lokaci a littattafan ma'aikatan gwamnatin mulkin mallaka idan ɗan kamfani ne, ba ya ciki. In kina da wanda zai je miki ma'ajiyar tarihi ta Kaduna, fayilolin lardin Filato kan hayar filayen ma'adinai sun fi dacewa da shi.

Redruth ko Illogan, 27 ko 16

Wannan bai dame ni ba ko kaɗan. An yi ƙidayar 1911 daren 2 ga Afrilu, wanda ya ce shekararsa 27 kenan an haife shi tsakanin Afrilun 1883 da Afrilun 1884. Ta 1901 daren 31 ga Maris aka yi, mai shekara 16 kuma tsakanin Afrilun 1884 da Maris na 1885. Tazarar shekara ɗaya ce, kuma a takardun ƙidaya wannan kamar babu ne. Na sha ganin matar da ta ƙara shekara bakwai kacal cikin shekara goma.

Dole ki tuna wa ya ba da bayanin. Malamin ƙidaya yakan bar takarda a kowane gida, mai gida ya cike, a dawo a karɓa. Daga 1841 zuwa 1901 malamin ne ke kwafe takardun cikin littafinsa, aka kuma lalata na asalin, saboda haka abin da kike gani a allo kwafe ne da hannun wani. A 1911 ne kaɗai aka fara ajiye takardar da mai gida ya cike da hannunsa. To in kakanki ɗan haya ne a gidan wata a 1911, ita ce ta rubuta, ƙila ma yana ƙarƙashin ƙasa a bakin aiki lokacin. Ta san dai ɗan wajen Redruth ne, ta ƙiyasta shekarunsa, shi ke nan. Illogan kuwa gundumar coci ce da ke maƙwabtaka da Redruth, kuma tana ƙarƙashin gundumar rajista ta Redruth ɗin. Kamar mutumin Kumbotso ne, in yana gida ya ce Kumbotso, in ya je Legas ya ce shi ɗan Kano ne, kuma bai yi ƙarya ba. Ƙa'idata ita ce na fi gaskata ƙidayar da aka yi mutum yana ƙarami a gaban uwarsa, na kuma fi gaskata ƙaramin wuri a kan babba. Don haka Illogan na fi karkata, kuma wannan kaɗai ya isa ya bayyana dalilin da ba ki gan shi a cocin Redruth ba.

Zaton da na fi ƙarfafawa: agola ne

Ba ki faɗa mini a gidan wa kika same shi a 1901 ba, alhali nan gizo ke saƙa. An fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta gwamnati a Ingila da Wales ranar 1 ga Yuli 1837. A farkon shekarun akwai yaran da suka zille, domin nauyin yana kan mai rajista ne ya bi ya nemo. Dokar 1874 ta mayar da nauyin kan iyaye daga 1875, da wa'adin kwana 42 da tara ga wanda ya ƙi. Yaron da aka haifa wajen 1884 a Ingila, da wuya ƙwarai a ce ba a yi masa rajista ba. In ba ki gan shi ba, mai yiwuwa sunan da kike nema da shi ba shi aka rubuta ranar ba.

A Ingila babu dokar da ta hana mutum amsa sunan da ya ga dama muddin ba don zamba ba, kuma ɗaukar ɗa a hukumance sai 1927 aka fara. Mace ta shigo gidan sabon miji da ɗanta, yau da gobe sai yaron ya koma amsa sunan mijin uwa, a makaranta da wurin aiki har kabari. Hanyoyi biyu ke kawo haka. Ko dai an haife shi kafin uwar ta yi aure, a rubuta shi da sunan gidansu, ko kuma ubansa ya mutu ta sake aure. Na biyun nan ruwan dare ne a garuruwan ma'adinai, inda haɗari da ciwon huhu na ƙurar dutse ke kwashe maza tun suna da ƙuruciya.

Ga yadda za ki gwada, kuma rabinsa kyauta ne. Buɗe hoton shafin 1901 na ainihi, ki bar wanda aka buga da na'ura. Dubi shekarun yaran gidan. In shi yana 16, mai bi masa yana 11, sauran kuma suna jere bibbiyu, wannan tazarar magana take yi. Daga nan ki nemi uwar a 1911, domin a ƙidayar shekarar an tambayi matan aure shekara nawa suka yi a wannan auren, 'ya'ya nawa suka haifa, nawa ke raye. In ta ce shekara 23 da aure ga ɗa mai 27, kin ga hanya. Sai ki shiga jerin haihuwa na babban ofishin rajista na Ingila a intanet, wanda ke nuna sunan gidan su uwa tun daga 1837. Ki nemi ƙannensa, su za su ba ki sunan gidan su uwar. Da wannan sunan za ki sake neman kakanki: sunansa na yanka, sunan gidan su uwarsa, gundumar Redruth, daga 1882 zuwa 1886. In kin ga yaro wanda gurbin sunan gidan su uwa ya zo fayau sai ɗan layi, yawanci alamar ba a cikin aure aka haife shi ba. In ba ki gani ba, ki sayi takardar auren uwar da mijin 1901. In bazawara ce za a rubuta, da sunan mijinta na fari za ta fito, sunan mahaifinta kuma na gefe. Sunan mijin farin shi ne mabuɗin. Duk takardar haihuwar da kika saya, ki gwada ranar da ke ciki da wadda kika samo a rajistar 1939. Mutum yakan canza suna, yakan rage shekara, amma da wuya ya canza rana da watan haihuwarsa.

Na taɓa yin mako uku ina neman wani yaro a wani garin kwal na arewacin Ingila don wata baiwar Allah da ke neman kakanta. Na juya sunan ta kowace fuska, babu. Ranar da na gaji na daina tambayar na'ura, na buɗe littafin ƙidayar unguwar na shiga bi gida-gida kamar mai rabon goron gayyata. Gida huɗu daga inda uwar ke zaune da sabon mijinta da jaririnsu, sai ga wata tsohuwa mai wanki, shekara sittin da 'yan kai, tare da jika namiji ɗan shekara shida. Sunan yanka nasa ne, garin haihuwa nasa ne, sunan mahaifi kuwa na tsohuwar. Yana nan tun farko, tafiyar minti ɗaya daga ƙofar uwarsa. Tun daga ranar, duk wanda ya ɓace mini a ƙidaya, gidan kakarsa ta wajen uwa nake fara leƙawa. Ke ma a ƙidayar daren 5 ga Afrilu 1891 can za ki fara nemansa.

Wani gargaɗi a nan: takardar aurensa shi kansa, in ya yi aure a Ingila, tana da gurbin sunan uba da sana'arsa, amma ba wanda ke bincika gaskiyar abin da ango ya faɗa. Agola yakan ba da sunan mijin uwa, wani ya ba da na kakansa, wani ya ƙirƙiro uba ya ce ya rasu don ya tsira da mutuncinsa gaban surukai. Shaidun auren sun fi amfani sau da yawa, domin galibi 'yan'uwa ne.

In wannan bai fito ba

Sai ki zargi masu kwafe. Jerin da kike bincikawa a na'ura wasu ne suka karanta tsohon rubutun hannu suka buga, kuma babban harafin T na wancan zamani yakan yi kama da F, S ta yi kama da L. Sunayen Cornwall masu farawa da Tre na sha tsinto su a ƙarƙashin Fre. Ki cire sunan mahaifi gaba ɗaya, ki nema da sunan yanka da shekara da Illogan kawai, ko ki nemi wani ɗan gidan mai baƙon suna. Kamfani biyu ba sa yin kuskure iri ɗaya, don haka abin da ya ɓace a ɗaya ki gwada a ɗayan, ki kuma gwada shafukan intanet na FreeBMD da FreeCEN da FamilySearch waɗanda kyauta ne.

Sai kuma ƙaura. Tun da farashin tagulla ya faɗi a 1866 mutanen Cornwall suka bazu duniya: Michigan da Kalifoniya a Amurka, Moonta a kudancin Ostareliya, Pachuca a Meziko, Kimberley da Johannesburg a Afirka ta Kudu, wasu kuma arewacin Ingila wajen ƙarfen Cumberland da kwal ɗin Durham. Iyali kan tafi shekara biyar su dawo. Yana yiwuwa a 1891 gidan gaba ɗaya ba sa ƙasar. Garuruwan haihuwar ƙannensa a shafin 1901 za su tona wannan, domin jerin 'ya'ya taswirar yawon iyaye ce. In ma ya zamana shi kansa a waje aka haife shi aka dawo da shi yana jariri, to ba zai taɓa fitowa a jerin haihuwar Ingila ba, ko da ya girma yana cewa shi ɗan Illogan ne.

Rajistar coci

Kin duba coci ɗaya, kuma ƙila ba na ɗarikarsu ba. Mahaƙan Cornwall mafi yawansu mabiya ɗarikar Methodist ne, tun zamanin da John Wesley, wanda ya kafa ta, ke wa'azi a ramin Gwennap kusa da Redruth. Su ma kashi-kashi ne, akwai Wesleyan, akwai Bible Christian, akwai Primitive, kuma sau da yawa littafin baftismarsu na da'ira ne, mai wa'azi guda yana zagaya ƙananan majami'u da dama da littafi ɗaya. Saboda haka sunan da'irar za ki nema, ba lallai na ƙauyen ba. Waɗannan da na cocin Ingila, wato ɗarikar Anglican, na lardin suna ma'ajiyar tarihin Cornwall, Kresen Kernow, wadda aka buɗe a 2019 a cikin Redruth ɗin kanta, a tsohon ginin kamfanin giya. Akwai kuma 'yan sa-kai da suka kwafe rajistocin gundumomin lardin suka ɗora kyauta da sunan Cornwall Online Parish Clerks. Ki tuna baftisma ba haihuwa ba ce. Wasu a sati uku ake yi musu, wasu sai an tara yara uku a kai su rana ɗaya, babban yana da shekara bakwai. Mace kuma takan koma gidan iyayenta haihuwar fari, kamar goyon ciki a wurinmu, sai a yi wa ɗan fari baftisma a gundumar su uwa.

Darajar littafin coci ita ce limamin ya san mutanensa, kuma yakan rubuta abin da ba a tambaye shi ba. A aikin yaron nan na garin kwal, da na murɗa fim ɗin rajistar a na'urar karatu, farin rubutu kan baƙin allo, sai ga layinsa: gurbin uba babu kowa, gurbin sana'a an rubuta uwar ba ta da aure, can a gefen shafi kuma da ƙaramin rubutu limamin ya ƙara ranar haihuwa. Sunan tsakiyar yaron kuma sunan wani gida ne da ke layin. Iyaye mata sukan yi haka don su nuna uban ba tare da sun faɗa ba. Alama ce, ba hujja ba, amma duk wanda ya buga jerin a na'ura bai kwafe ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Idan kin kamo iyayen, ƙidayar 1881 da 1871 da 1861 za su kai ki baya da sauƙi zuwa ta 1851, wadda ita ce ta farko da ta faɗi dangantakar mutanen gida da gundumar da aka haifi kowa. Ta 6 ga Yuni 1841 tana da sunaye amma rowa gare ta: ba dangantaka, wurin haihuwa sai i ko a'a kan ko a wannan lardin ne, shekarun wanda ya haura 15 kuma an zaftare su zuwa biyar-biyar, mai 29 ya koma 25. Ƙidayoyin 1801 zuwa 1831 lissafin kawuna ne. Daga nan sai coci kaɗai.

Tun 1538 Thomas Cromwell, wazirin Sarki Henry na Takwas, ya ba da umarnin kowace gunduma ta riƙa rubuta baftisma da aure da binnewa, ko da yake kaɗan ne littafinsu ya kai can. Tafiya baya tana ƙara duhu mataki-mataki. Daga 1813 littattafan bugaggu ne, baftisma na ba da sunan iyaye da mazauni da sana'ar uba, binnewa na ba da shekaru. Daga 1754 zuwa 1837 dokar Hardwicke ta tilasta kowa ya ɗaura aure a cocin Ingila in ban da Yahudawa da 'yan ɗarikar Quaker, da sa hannun ango da amarya da shaidu. Wannan ya yi miki daɗi, domin ko kakanninki 'yan Methodist ne, aurensu na wancan tsakani yana littafin gunduma. Kafin 1813 kuwa baftisma na iya zama layi guda, wane ɗan wane, wani lokaci ko sunan uwa babu. In shafi ya yage ko ruwa ya ci, akwai kwafen da ake aika wa bishof duk shekara tun ƙarshen ƙarni na 16, sai ki gwada can. Shekarun yaƙin basasa, daga 1640 da 'yan kai zuwa 1660, giɓi ne a gundumomi da yawa. Kafin 1752 kuma shekara a Ingila 25 ga Maris take farawa, don haka yaron da aka yi wa baftisma a Fabrairun 1740 bayan auren da aka ɗaura a Mayun 1740 ɗan halal ne, Fabrairun nan ta 1741 ce a lissafinmu.

A wannan zangon ne mutane ke fara ɗinke bishiyar zuriya ta ƙarya. An ga suna ɗaya a gunduma a shekarar da ta dace, sai a ce shi ne. Kullum ki duba littafin binnewa kafin ki karɓi baftisma, domin yara da yawa ba sa kai shekara biyar, kuma iyaye sukan maimaita sunan wanda ya rasu ga mai bi masa. Ni ba na ɗora mutum a kan wani sai takardu biyu da ba su kwafi juna ba sun yarda. Ta biyun takan fito daga wasiyya, ko takardar koyon sana'a, ko takardun kula da matalauta. Tun dokar 1662 kowane talaka yana da gundumar da nauyinsa ke kanta, kuma idan gardama ta tashi sai a zaunar da shi gaban alƙalai ya ba da tarihinsa tun daga haihuwa. Talaucin kaka sau da yawa ya fi arzikinsa barin takarda. Bishiyoyin da wasu suka ɗora a intanet kuwa, ko guda hamsin suka faɗi abu ɗaya, ki ɗauka mutum ɗaya ne ya faɗa arba'in da tara suka kwafa.

Iyakar abin da takarda za ta yi miki

Ban ga shafukan da idona ba, a kan bayaninki na gina duk wannan, kuma shafin 1901 na iya rushe zatona cikin minti biyar. Sannan ki shirya wa abu guda: da wuya wata takardar Ingila ta ambaci kakarki ko mahaifiyarta. Ki duba jerin gadon da kotu ta tabbatar, wanda ya fara daga 1858, ki sayi wasiyyarsa in ya bari, domin jefi-jefi akan sami wanda ya tuna da ɗan da ya bari a Afirka. Amma kada ki ɗora rai. Takarda za ta iya nuna mutumin Illogan ya je Najeriya a shekarun da suka dace, ba za ta nuna shi ya haifi kakarki ba. Gwajin ƙwayoyin halitta, wato DNA, ne ke rufe wannan. Ke kusan kashi ɗaya cikin takwas kika ɗauko daga gare shi, mahaifiyarki kusan ɗaya cikin huɗu, don haka in za a gwada mutum ɗaya, a gwada mafi tsufa a cikin zuriyar. In 'yan'uwan jinin da suka fito bishiyoyinsu na komawa Illogan da Camborne, kuma sunan gidan su uwar nan na ta maimaituwa, kin sami shaidarki ta biyu. Sunan da ya yi ta fitowa ba ki san shi ba kuwa, ki rubuta shi gefe, ƙila na uban da aka bar gurbinsa fayau ne.

Idan kin kai ga jikokinsa na can, ki tafi a hankali. Ƙila yana da mata a Cornwall duk tsawon zamansa a Filato, kuma ba su taɓa jin labarinku ba. Gajeriyar wasiƙa da kwafen hoton ta isa a karon farko, ki bar su su yi tambaya.

Wannan makon dai abu uku ne a gabanki kafin kuɗin watan ya ƙare: ki sauke hoton shafin 1901 da shafi biyu kafinsa da biyu bayansa, ki nemo uwar a 1911, ki kuma bincika jiragen Liverpool zuwa Legas daga 1919 zuwa 1930. In kin sami sunan gidan su uwar, ki turo mini tare da shekarun ƙannen. Ranar da za ki je Redruth kuma ki nemi gurbin zama tun kafin ki hau jirgin ƙasa, ki tafi da fensir, ba a shiga ɗakin karatu da biro. Ki riƙe hoton ma, ma'aikatan wurin sukan iya faɗa miki shekarun da mai wannan hatimin ya yi yana aiki a garin.